Falle Uku da Na Ƙara wa Motar Malam Bawa

Ranar Litinin da ta wuce wani saurayi ya shigo garejina a Gusau da sabuwar a-kori-kura, ko ledar kujerun bai cire ba. Ya fito yana kaɗa makulli, ya ce in sa mata bamba mai ƙyalli, da fitilu huɗu a saman kai, da ƙarin falle uku a sifirin na baya. Na ce bamba da fitila babu laifi, kuɗinsa ne, amma maganar falle sai mun zauna. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Baba, mi na wuya ciki? Ƙarhe na bisa ƙarhe, a ɗaure da noti." Abokansa biyu da suka rako shi suka yi dariya. Ban ji haushi ba, don ni ma na taɓa faɗin haka, kuma a lokacin na girme shi nesa ba kusa ba.

To bari in yi muku bayani, ku samarin da kuke ganin sana'ar nan ɗaure noti ce kawai. Aikina shi ne ƙara wa mota abin da ba ta zo da shi ba: kariyar ɗora kaya a saman mota, bamba, ƙarfen gefe, da sauransu. Amma asalina mai sifirin ne. Sifirin shi ne fallayen ƙarfe dogaye da aka jera bisa juna a ƙarƙashin bodi, su ke ɗaukar nauyin kaya. In an yi lodi su miƙe, bayan motar ya yi ƙasa. In an sauke su koma lanƙwasarsu. Shekara talatin da wani abu ina kwance ƙarƙashin motocin mutane, kuma tambaya ɗaya ce take bina tun farko: a cikin abubuwan nan da ake kashe wa kuɗi, wanne ne ke biyan mai shi?

Aikin farko da aka ba ni a Tsafe, wurin maigidana Malam Audu, shi ne kankare tsatsa. Shekara guda cur ban taɓa injin walda ba. Za a kwance sifirin, a watsa mini fallayen a ƙasa, in bi su ɗaya bayan ɗaya da burushin ƙarfe da baƙin mai. In na gama sai Malam Audu ya rataye falle da igiya, ya ba ni ƙaramar guduma ya ce in buga. Falle mai lafiya ƙararsa doguwa ce, tana daɗewa a kunne. Wanda ya tsage a ciki, ko ido bai ga tsagar ba, ƙararsa gajera ce kamar an buga fasasshiyar tukunya. Sai da kunnena ya iya wannan kafin ya bar ni na riƙe sifana. Kayan aikinmu ba su da yawa: jak biyu, gudumomi uku, uwar maƙera da aka yanko daga tsohon ƙarfen jirgin ƙasa, da wata sifana mai lamba sha tara wadda in ta ɓace ranar babu mai cin abinci cikin kwanciyar hankali.

Ni mutum ne mai tambaya, har Malam Audu yakan ce bakina ya fi hannuna aiki. Na tambaye shi me ya sa ake shafa mai tsakanin fallaye, ya faɗa mini. Na tambaye shi me ya sa ba a yi wa falle walda, ya faɗa mini. Abu ɗaya ne ban tambaya ba. Duk direban da ya zo neman ƙarin falle, ɗaya tak yake ƙara masa, ko da zai yi ta magiya har la'asar. Abin da yakan ce kawai shi ne, "Guda ya isa." Ni kuwa na riga na yanke hukunci a raina cewa tsoro ne irin na tsofaffi, shi ya sa ban ga abin tambaya ba. Har ya rasu ban tambaya ba.

Da na buɗe nawa wurin a Gusau sai na ɗauki wata ɗabi'a da take ba abokan sana'a dariya. Duk wanda na yi wa aiki, ko na ga ya sayi sabuwar mota mai ƙarin kaya, sai in jira damina ta wuce in neme shi in ji labari. Wata Hajiya mai kiwon kaji ta sayi ƙaramar bas ta biya ƙarin kuɗi mai kauri don a ba ta mai na'urar sanyi. Na ce a raina, mata da son jin daɗi. Da na tambaye ta bayan shekara sai ta ce ita ko kunna wa kanta ba ta yi, don tana sa ta mura. 'Yan tsaki take ɗaukowa daga Gusau ta kai wa mata a Bungudu, kuma a da, in zafin bazara ya yi zafi, kafin ta isa wasu sun mutu a kwali. Tun da ta sayi mai sanyin ba ta sake zubar da ko ɗaya ba. Na koma gareji ina jin kunyar abin da ban ma furta ba.

Wani Alhaji kuma ya canza wa sabuwar motarsa ƙafafu huɗu, ya sa waɗansu masu walƙiya da siririyar taya, irin waɗanda in ya tsaya a bakin masallaci sai yara sun zagaye su. Gonarsa tana Magami. Damina ɗaya ya fasa biyu a hanya, ya dawo yana neman tsofaffin da ya cire, ashe ya riga ya kyautar da su. Irin waɗannan labaran na tara da yawa, har na fara ganin kaina a matsayin wanda ya san amsa. A cikin wannan hali Malam Bawa ya same ni.

Malam Bawa manomi ne daga Nahuce, yana kuma sayen wake da dawa a ƙauyuka ya kawo Gusau. Shekara da shekaru motar haya yake bi. Ya tara amfanin gona na kaka biyu, ya sayar da shanu, ya ƙudura zai sayi sabuwar a-kori-kura fil, wadda ba wanda ya taɓa zama a kujerarta. Da ya je wurin masu sayarwa sai suka nuna masa guda biyu, fenti ɗaya, tsawo ɗaya, fuska ɗaya. Ɗaya ta fi ɗaya tsada da kimanin kuɗin bijimi biyu, wai ita an yi ta don kaya masu nauyi. Ya kasa gane bambancin, ya zo ya ɗauke ni a kan babur.

Na tsuguna a bayan ta farko na ƙirga fallaye. Na tsuguna a bayan ta biyu na ƙirga. Mai tsadar ta fi da falle uku. Ban shiga ƙarƙashi ba, don na sa fararen kaya ranar, kuma a ganina na riga na ga abin da na zo gani. Mai sifirin ne ni, sifirin na duba. Na ja Malam Bawa gefe na ce, "Malam, bijimi biyu a kan falle uku? Wanga ai ƙwace na da rana tsaka. Sayi mai araha ka kawo min, in ƙara mata ukun da kuɗin da bai kai na rago ba." Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Allah shi saka ma, Malam Sanusi. Da ban zo da kai ba da sun yanke ni."

Aikin ya yi kyau, wannan kam ba zan ɓoye ba. Na zaɓo fallaye uku masu doguwar ƙara, na yanka su daidai, na buga musu lanƙwasa a kan uwar maƙera har suka kwanta da na kamfani kamar tare aka haife su. Da na sauke jak, bayan motar ya ɗaga ya tsaya ƙyam. Mutum biyar suka hau suka yi tsalle, ko gezau. Da rarar kuɗin Malam Bawa ya sa rediyo mai manyan lasifika da bamba, ya tafi Nahuce ana ta yi masa barka.

Wata uku bayan haka, ranar kasuwar Bungudu da hantsi, aka aiko mini cewa motar ta faɗi. An yi mata lodin wake a tasha, ta kamo hanyar Gusau, ta faɗa wani rami da kowace mota ke faɗawa ta wuce. Aksul, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, ya karye. Taya ɗaya ta fice ta yi cikin gona, motar ta kwanta a gefe, buhuna suka fashe a kan kwalta. Allah ya tsare rai, direban ne kawai ya karye a hannu. Da mutane suka tattara buhunan sai aka ga sun kusa ninka abin da irin wannan mota ke ɗauka. Nan take kowa ya san wanda zai zarga.

Mamman Karakkai shi ne sarkin lodi a tashar Bungudu. Siririn mutum ne, ba ya son magana, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Shekara talatin yana tsayawa a bayan mota yana cewa a ƙara ko a tsaya, kuma ba a taɓa jin motar da ya yi wa lodi ta karye ba. Ba shi da gona, ba shi da shago. Da wannan tsayuwar yake ci da iyalinsa. Ranar nan shugaban tasha ya dakatar da shi, ya ce kasuwa mai zuwa za a zauna a yanke ko zai dawo ko ya tafi ke nan. Masu magana suka ce ai tsufa ne, wasu suka ce masu kaya ne suka ba shi na goro ya danna musu buhuna.

Aka jawo motar zuwa garejina. Abin da na fara dubawa fallayena ne, kuma ukun nan lafiyarsu lau, ko lanƙwasa ba su canza ba. Har na fara murmushi. Sai na kwanta na haska tocila, na ga shasi, wato dogon ƙarfen da dukan motar ke zaune a kai, ya tsage daidai inda sifirin ke rataye. Na daɗe a kwance ina kallon tsagar. Tambaya biyu suka tsaya mini. Me ya sa aksul da shasi suka karye, fallaye suka tsira? Kuma me zai sa mutumin da bai taɓa kuskure ba a shekara talatin ya ninka wa sabuwar mota kaya, a gaban jama'a, da rana?

Washegari na hau babur na tafi Bungudu. Na sami Mamman a zaure yana tufka igiya. Muka gaisa, ya shimfiɗa mini tabarma, bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Na ce, "Mamman, don Allah buhu nawa kaka sa ma irin wagga mota?"

Ya ce, "Ni ban ƙidayar buhu."

Na ce, "To da mi kaka aunawa?"

Ya ajiye igiyar. "Buhun wake da na gero da na gyaɗa nauyinsu ɗai na? Wani buhun an cika shi har baki, wani an rage mudu biyar. In na tsaya ƙidaya sai in kashe mutane. Mota ni ka kallo." Ya ɗaga hannunsa na dama, ya haɗe yatsu huɗu. "Ana lodi tana zamnawa. In ta zamna har yatsun ga huɗu sunka shiga tsakanin taya da bodi ba saura, shi ke nan, ko buhun uban wa ya rage sai wata mota. Haka na koya, haka nika yi."

Na ce, "To ta Malam Bawa hwa?"

Ya girgiza kai. "Wagga mota ba ta zamna ba. Ina ba ta, tana amsa. Na sa hannu, wuri har na tahin hannu biyu. Na ce a ƙara. Na sake sa hannu, tana tsaye. Ni har daɗi na ji, na ce lalle yanzu an iya ƙera mota. Wata uku muna haka kowace kasuwa." Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka. "Ban san abin da ya sami idona ba, Malam Sanusi. Wataƙila gaskiyarsu, na tsuhwa."

Nan na fara zargin fallayena. Na yi masa sallama, don ina so in tabbata tukuna. Daga gidansa ban tsaya ko'ina ba sai wurin masu sayar da mota a Gusau. Wannan karon da kayan aiki na je. Na roƙi yaron shagon ya bar ni in shiga ƙarƙashin mai tsadar nan. Ya yi mamaki, don shi rediyonta yake ta ƙoƙarin nuna mini. Na kwanta da zare a hannu. Na zagaya aksul ɗinta da zaren, na ƙulla alama, na je na gwada a mai arahar na sake ƙullawa: na mai tsadar ya fi kauri sosai. Shasinta, daidai inda na Malam Bawa ya tsage, an ninka shi da wani ƙarfe daga ciki. Birkin baya ya fi faɗi. Tayoyin ma ba iri ɗaya ba ne, nata sun fi kaurin gefe. Ashe falle ukun nan da na ƙirga su ne mafi arahar abin da ke cikin kuɗin bijimi biyu.

A kwance a wurin na gane maganar Malam Audu. Falle ɗaya yana taimaka wa mota amma yana barinta ta zauna in kaya sun yi yawa. Falle uku suna hana ta zama. Ban ƙara wa motar Malam Bawa ƙarfi ba ko kaɗan. Aksul ɗinta da shasinta suna nan yadda suka zo. Abin da na yi shi ne na cire alamar da masu lodi ke dubawa. Duk tashoshinmu babu sikeli, zaman mota shi ne sikelinmu, ni kuwa na lalata shi da hannuna, na karɓi lada.

Kwana huɗu suka rage kafin zama. Ba wanda ya san abin da na sani, kuma ba wanda zai shiga ƙarƙashin mota da zare in ba ni ba. Ba zan ce ban yi tunanin yin shiru ba. Na yi, har sau da yawa. Amma kullum sai in tuna da mutumin nan yana tufka igiya yana zargin idonsa.

Ranar kasuwa aka zauna a rumfar shugaban tasha. Direbobi sun cika, Malam Bawa yana gefe ya rafka tagumi, Mamman yana tsugune a bakin rumfa. Shugaba ya fara jawabi a kan amana. Na nemi izini, na ajiye falle ukun da na ciro daga motar a tsakiyar tabarma, na ajiye zaren nan mai ƙulli biyu. Na faɗi abin da na gani a ƙarƙashin motocin biyu. Na ce a tambayi kowane mai lodi a nan da me yake aunawa. Wani ya ɗaga yatsu huɗu, wani ma ya ɗaga. Na ce, "To motar ga ni na hana ta zamnawa. Duk wanda anka ba lodinta cikinku, abin da Mamman ya yi shi za ya yi. Kuma ni na hana Malam Bawa sayen wadda za ta iya."

Malam Bawa ya daɗe yana kallon fallayen, sannan ya ce, "Malam Sanusi, ka tsirar min da bijimi biyu, ka kashe min garke." Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Shugaba ya juya ya ce, "Mamman, tashi ka koma bakin aikinka, ga motoci can na jira." Mamman ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya wuce ta gabana. Sai da ya kai bakin rumfa ya waiwayo ya ce, "Ashe idona lahiya lau."

Motar Malam Bawa na gyara ta da hannuna ban karɓi komai ba. Na sa wani aksul, na ɗinke shasi, ban mayar da fallayena ba. Ta tashi ta yi aiki, amma ba ta sake tafiya sak ba, kullum tana cin taya ta gefe ɗaya. Ni kuma sunana ya koma Falle Uku daga Bungudu har Tsafe. Shekarar nan ita ce mummunar shekarata. Ba wanda ya kawo mini sabuwar mota, ko bamba ba a yarda in ɗaura ba. Na koma waldar baro da ƙofofin gida da ƙafar kujerun makaranta, injin walda yakan yi kwana uku ba a tayar da shi ba.

Da yake aiki ya yi ƙaranci, sai na bi sawun motocin da na taɓa yi wa irin wannan ƙari. Bakwai na samu. Uku suka yarda na cire. Huɗu suka ƙi, suka ce su dai motarsu tana ɗaukar kaya, in Malam Bawa ya yi rashin sa'a wannan tsakaninsa da Allah ne. Abin ya dame ni, don waɗannan huɗun kowace kasuwa suna gaban wani mai lodi. Sai na riƙa zuwa tashar Bungudu ina zama a kan benci ina kallon yadda mota ke sauka a ƙarƙashin buhu. Na lura ko mai falle ukun tana sauka, sai dai kaɗan ne, yatsa ba ya iya auna shi.

Daga nan dabarar sarƙa ta zo. Na samo guntuwar sarƙa, na liƙa mata ƙaton noti a baki, na rataye ta a jikin shasi daidai saman aksul. Sai a ɗora wa motar nauyin da kamfani ya rubuta a jikinta, da buhunan da na kai aka auna mini a sikelin masu sayen auduga, in yanka sarƙar yadda notin zai taɓa aksul daidai wannan nauyi. In ana jefa buhu motar tana girgiza. Da kaya sun kai, sai notin ya fara bugun aksul, ƙwas, ƙwas. In an gama a maƙale ta a ƙugiya don kada ta dami direba. Kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa ba. Na nuna wa Mamman ina jiran yabo. Ya leƙa, ya taɓe baki ya ce, "Shekara talatin ina lodi, yau ka ce in bi ƙararrawa kamar akuya? Sa ma yara, ni ina da ido." Amma bai hana ba, kuma sannu a hankali direbobi suka riƙa zuwa a sa musu. Ta wannan sarƙa aiki ya dawo mini.

To ga amsar da na samu, in kuna so. Ƙarin da ido ke gani, bamba da fitila da lasifika, in kana da hali sa abinka, daɗin rai ma wani abu ne, sai dai kada ka ce zai dawo maka da kuɗi. Ƙarin da ke biyan mai shi yawanci ba a ganinsa daga tsaye, kuma ya danganta da abin da za ka ɗauka da hanyar da za ka bi. Sanyin da ya ceci 'yan tsakin Hajiya ba zai yi wa mai wake komai ba. In an ce wata ta fi wata tsada kuma ka duba ka ga iri ɗaya ne, ba ka gama dubawa ba, cire fararen kaya ka kwanta. Mafi tsada a duk abin da na gani shi ne ƙari mai araha da aka yi don a kwaikwayi mai tsada. Saurayin nan na ranar Litinin na faɗa masa wannan duka. Ya tafi da bamba da fitilunsa, ya ce maganar falle zai yi shawara. Ko ya tafi wani gareji ne, ban sani ba, bayan damina zan neme shi in ji.

Malam Bawa bai sake taka garejina ba sai bayan shekara shida. Ran nan sai ga shi da sabuwar a-kori-kura, irin mai tsadar nan. Bai fito da maganar baya ba, ni ma ban fito da ita ba. Na shiga ƙarƙashi na duba, na fito na ce, "Malam, wagga ba abin da za ni ƙara mata." Ya ce, "Akwai. Mamman ya ce kada in kawo ta tasha sai da sarƙa." Na yi mamaki, amma na sa, kuma don son jin dalili na bi shi Bungudu ranar kasuwa.

Na tarar da Mamman a inda na saba ganinsa, a bayan mota, sai dai yanzu yana dafe da bodi da hannu ɗaya. Da na matso na ga idanunsa biyu sun yi fari da yana. Na yi sallama, ya gane muryata ya ce, "Falle Uku, kai na?" Aka fara lodi. Bai sunkuya ba, bai sa yatsu ba, ya dai karkatar da kai gefe yana cewa a ƙara, a ƙara. Buhu na shiga, motar na girgiza, kasuwa na ta hayaniya. Ni da nake da ido ban ji komai ba sai na ga ya ɗaga hannu. "Tsaya! Ta yi." Na durƙusa na leƙa, ga noti yana taɓa aksul.

Na ce, "Mamman, ashe ka koma bin ƙararrawa."

Ya yi dariya, ya laluba ya kamo hannuna. "Yi a hankali, kada shugaba shi ji. Shekara biyu ke nan ban ganin taya, kuma har yau ba a sallame ni ba." Ya sake ni, ya juya wajen masu dako ya ce, "Ku kawo ta gaba. Ku duba min, tana da sarƙa?"